Malamar da Ba Ta Karɓar "Mai Kyau"

Kai da aka damƙa wa ajin yara a ikilisiya, saurari wannan. An yi wata malamar makarantar Lahadi a wani ƙauye na gindin dutse, mace mai naci kamar ruwan Agusta. Duk ranar godiyar kaka, kafin yaro ya ajiye abin da ya kawo a gaban bagade, sai ta rufe ido ta ce ya nuna mata shi da baki. In ya ce masara ce mai kyau, ta ce ita fa ba ta gani ba tukuna. Dole ya jujjuya ta a hannu, ya ce gemunta ya bushe ya yi ja, ƙwayoyin sun matsu da juna, guda ta kauce layi kamar haƙorin ƙanensa. A nan ne take murmushi ta buɗe ido. Iyaye suka yi ta gunaguni wai tana cinye lokacin haddar aya. Ita kuwa cewa take Allah bai yi kasala wajen halitta ba, bai kamata a yi kasala wajen kallo ba.

Kwanci tashi tsufa ya zo, yanar ido ta rufe mata gani, duniya ta zama fari fat, mutane suka koma muryoyi masu yawo. Ɗanta tilo ya rasu ya bar matarsa da ciki. Ranar da aka kai jaririn coci don sa albarka, aka ɗora mata shi a cinya. Abu ɗaya take so ta sani: ko ya ɗauko ubansa? Mata suka kewaye ta, kowa sai "Kai, kyakkyawa ne!" Ta shafa fuskar, yatsu ba su gaya mata komai ba. Sai wata daga zumuntar mata, ɗalibarta ta dā, ta durƙusa kusa da kunnenta. "Mama, bari in nuna miki shi. Fatarsa launin ɗanyar gyaɗa ce da aka ɓare yanzu. Hasken taga ya ratsa kunnensa har ya yi ja. Yana barci, leɓen ƙasa na motsi shi kaɗai. Girar hagu kuma ta ɗara ta dama tsayi, sai ka ce yana shirin musu da fasto." Cikin farin nan da ya rufe tsohuwar, goshi ya fito a hankali, sannan kunne, sannan girar nan ta ɗanta, wanda ta sha yi wa faɗa tun yana rarrafe. Hawaye ya zubo mata, tana dariya. "Na gan shi," in ji ta.

Saboda haka in yaranka sun ce maka abu mai kyau ne, kada ka gaji da cewa ba ka gani ba tukuna. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce abin da mutum ya shuka, shi zai girba.