Ɗaurin Roba a Injin Jirgi

Tunda ka ce mini "ai haka aka saba", to zauna ka saurara, don ba maganar da ke tafasa mini zuciya kamar wannan.

Wani bakanike da amininsa mai walda suka ƙudura sai sun ƙera ƙaramin jirgin sama mai ɗaukar mutum ɗaya a bayan garejinsu. Gari ya yi ta musu dariya, alhali aikin nasu ba na wasa ba ne. Mai walda ya haɗa gangar jirgi da fukafukai, ɗinki tsaf ba inda za ka kushe. Bakanike ya samo injin dizal na wata ƙaramar mota, marar nauyi, marar zuƙar mai, ya kwance masa duk tarkacen da mota kaɗai ke buƙata, ya haɗa shi da farfela. Mutumin ya iya, wannan ba musu. Ana gab da ranar gwaji sai tiyon da ke kai ruwa lagireto, wato tukunyar sanyaya inji, ya fara ɗiga a bakin mahaɗa. Mai walda ya ce a dakata a kawo sabo daga birni. Gogan naka bakanike ya yanko robar tsohuwar tayar keke, ya naɗe wurin, ya ja da haƙori, ya ƙulle, ya ce, "Haba mutumina! Motoci nawa na sallama Legas da wannan ɗaurin? In ya yi zafi a ba shi ruwa."

A ba shi ruwa a ina, don Allah? Direba in ya ga allurar zafi ta hau, gefen titi yake gangarawa, ya ɗaga bonet, ya roƙi bokiti a gidan da ke kusa, ya samu inuwa har inji ya huce. Injin mota ma yana samun sararawa a gangara da cikin cunkoso. Na jirgi kuwa tun daga tashi wuta ake ba shi, ba sassauci. Abin haushin, bakaniken ya san duk wannan, shi da bakinsa yake koya wa mutane. Hannunsa ne kawai ya riga kansa aiki, ya yi abin da ya shekara talatin yana yi, shi kuma ya ƙyale shi.

Ranar gwaji aka tura jirgi wani fako a bayan gari. Bakanike mai teɓa ne, inji kuma ya riga ya cinye rabin nauyin da fukafukai za su iya ɗauka, don haka mai walda, da yake siriri ne, shi ya hau. Ya hau ne da yarda da aikin amininsa, bai ko leƙa tiyon ba. Jirgi ya ruga, ya ɗaga, ya haye kan itatuwan ɗorawa, masu dariyar jiya suna ta kabbara. Bai gama zagaye gari ba zafi ya narkar da roba, ruwa ya tsiyaye, inji ya yi tari ya ɗauke. Mutumin ya duba ƙasa, ba gefen titi, sai gonaki da kunyoyi. Ya yi iya yinsa, jirgi ya daki kunya ya kife a kansa, ƙashin bayansa ya karye. Jama'a suka kwasa a guje, bakanike a gaba yana haki yana kuka. Ka san abin da ke hannunsa da ya isa wurin? Jarkar ruwa! Wallahi jarkar ruwa ya suro, bai ma san ya ɗauko ta ba.

Mai walda bai sake tsayuwa da ƙafafunsa ba. Mutumin da ya ɗinke fukafukan jirgi, yau matarsa ce ke juya shi a kan tabarma. Don haka kada ka ƙara ce mini haka aka saba a kan aikin da ran wani ya rataya a kansa. Hausawa sun gama magana da suka ce, sabo turken wawa.