Rundunar da Ta Ja da Baya

Ta same shi a shagonsa na gyaran talabijin, ya kife wata a kan tebur yana kwance murfinta. A zauren intanet na masu kallon shirin yaƙin sararin samaniya, su biyun ba su taɓa jituwa ba. Ita ta dage cewa ja da bayan da rundunar jiragen ta yi tarko ne, shi kuwa ya ce mai ne ya ƙare musu.

Ta ajiye wayarta a gabansa. "Mene ne wannan ka rubuta a zaure?"

"Na ce ke ce da gaskiya, Janar." Ya kira ta da laƙabinta na zaure, ya sunkuyar da kai. "Ina so in zo in gaida Baba. Na ga bai dace in riƙa musu da ke a gaban mutane ba."

Ta ɗauke wayarta.

"To kada ka zo. Musun nan ne ya sa na fara kula ka. In za ka saki abin da ka yarda da shi don ka faranta mini, gobe me za ka saki don wani?"

Ya ajiye sukudireba a hankali, ya ɗago ya dube ta.

"Jirgin da ya ɗana tarko ba ya kashe garkuwarsa. Mai ne ya ƙare, kuma kin sani."

"Ban yarda ba," ta ce, tana danne murmushi. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo. "Baba yana gida da yamma. Ka goge wancan rubutun kafin ka zo."