Albasar Mani

Tun da ƙasashen duniya suka haɗa dokar kasuwa guda ɗaya, masu sayar da kaya iri ɗaya ba sa zancen ciniki da juna. Wai haɗa baki ne a cuci mai saye. Kowane ɗan kasuwa an maƙala masa maɓalli mai saurare a wuyan riga. In ya ji irin wannan zance ya yi ja, an rufe rumfarka, a Illela ne ko a Kwanni da ke tsallaken iyaka.

Barau ya tsallaka iyaka da safe zuwa wurin ƙaninsa Mani. Dukansu albasa suke sayarwa. Jiya Barau ya dawo daga kudu, inda ya ga albasa tana ruɓewa a bakin titi, babu mai tayawa. Ga Mani yana lodin duk abin da ya noma, can zai kai.

"Yaya, ya kasu..." Mani ya haɗiye sauran gaisuwar. "Ya gajiya?"

"Da sauƙi. Mani, ba ka bari sai wani makon? Hanya ba kyau."

Maɓallin ya ɗau ɗumi a wuyan Barau, gargaɗin da yake yi kafin ya yi ja.

"Wace hanya? Wadda ka biyo ka dawo da tumbinka lafiya lau?"

Barau ya tuna bakunan da ke ci daga rumfarsa. Uwa ɗaya ta haife su, amma doka ta ce abokan takara ne, kuma babu ƙasar da za su tsaya su yi maganar.

"Kama min wannan, Yaya, nauyi gare shi."

Barau ya sunkuya ya kama bakin buhun, suka jefa shi cikin mota.