Abin da Ya Fito daga Tulun Maɗinki

Kai da kake ce mini babu wanda ya gani, gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauye akwai kurmin tsamiya a bayan gari. In damina ta kankama, wata tsutsa mai gashi takan cika bishiyoyin, ta ci ganye har ta yi ɓul-ɓul. Daga nan sai su taru jingim a jikin reshe, su saƙa wa kansu gida guda kamar jaka, su shige su yi shiru. Can a ciki Allah ke juya halittarsu, har su fito da fukafukai sun zama faɗa-wuta, ƙwaron nan mai kama da malam-buɗe-littafi. Jakar da suka bari ita mata ke dafawa da ruwan toka, su kaɗa ta zama zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki. Garin na da doka tun kaka da kakanni: ba mai ciro jaka sai masu ita sun fita sun yi ƙwai a ganye, don baɗi ma a samu. Wanda aka ɗora wa tsaron kurmin wani maɗinki ne, dattijo mai farin gemu, wanda in ya yi magana a ƙofar masallaci ba a tsallake ta.

To, shekarar nan ya karɓi aikin wata babbar riga, yana tsakiyar ɗinka adon nan na ƙirjin riga da ake kira aska takwas zare ya ƙare masa, mai riga kuma ya matsa masa lamba. Kullum ya zaga kurmi, jakunkunan nan sai su riƙa yi masa ƙwalele. Ran nan dai zuciya ta rinjaye shi. Ya faki ido da tsakar rana, mutane na gona, ya yanko manya-manyan, ya cusa su a wani tsohon tulu mai tsagaggen baki a lungun zaurensa, ya kife da faifai. Dafawa ta gagara, don warin dafuwar tsamiya ba ya tsayawa a gida ɗaya, ga shi matarsa ba ta iya riƙe magana ba. Sai ya ce bari ƙura ta lafa tukuna. A tunaninsa abin da aka raba da uwar bishiya ya mutu ke nan, kamar ɗanyen ɗan itace. Ka ji fa, mutum ya tsufa yana zura zaren nan a allura, amma bai taɓa tsayawa ya kalli mai yin sa ba.

Da mata suka lura an yi ɓarna, magana ta game gari. Zargi ya faɗa kan wani baƙo mai saran itace, don shi ake gani da gatari, kuma ba shi da kowa da zai tsaya masa. Maɗinki ya ji, amma ya bar zargin a kan baƙon. Aka yi ta jan magana har aka sa ranar zama, kuma a zaurensa, tunda shi ne mai tsaro. Da la'asar sakaliya dattawa suka cika tabarmi, baƙo na durƙushe a bakin ƙofa, ya san in laifi ya tabbata a kansa barin gari zai yi. Mai gari ya juyo ya ce, "Malam, kai ne idonmu a kurmi. Me ka gani?" Maɗinki ya gyara murya, ya ce shi kam ya sha ganin mutumin nan yana raɓe-raɓe a gindin tsamiya.

Bai rufe baki ba sai wani abu fari-fari mai ratsin ƙasa-ƙasa ya sauka a gwiwar liman. Wani ya biyo, wani ya sake biyowa. Aka waiwaya lungu. Ga faɗa-wuta nan suna rarrafowa ta tsagar tulu, fukafukai a jiƙe a yamutse, suna hawa bango suna shanya su, waɗanda suka bushe suna tashi. Duk wanda ke zaune a wurin ya san irin gidan da suke fitowa daga ciki. Wani ya yunƙura zai ɗaga faifan, mai gari ya ce, "Bar shi, ya isa."

Kunya ta lulluɓe maɗinki, ya so ƙasa ta tsage ya shige. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi, amma ba wanda ya ce masa ko kanzil. Dattawa suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna laluben takalma, kowa na kau da kai don kada ya haɗa ido da farin gemun nan. Baƙon ne ya rage. Ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Baba, a kai tulun kurmi, su samu su hau bishiya." Da hannunsa dattijon ya rungumi tulun, ya ratsa tsakiyar gari da shi, faɗa-wuta na tashi ta kafaɗarsa, mata na leƙe ta kan danga, ba mai cewa sannu. Tsakanin zaurensa da kurmi ba nisa, amma bai taɓa yin tafiyar da ta yi masa tsawo kamar wannan ba. Tun daga ranar, a sahun baya yake salla.

Saboda haka ka je ka gyara abinka da bakinka tun kafin ya yi fiffike. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, ramin ƙarya ƙurarre ne.