'Yar Mai Faci da Gurbi Goma Sha Biyu

Malam Sallau, tunda ka ce 'yarka ta cike fom kana ta kasa kunne a kira ta, gyara zama in ba ka wani misali, don kada abin ya zo maka a ba-zata.

An yi wata yarinya, 'yar wani mai facin taya a bakin tasha, wadda ta gama kwalejin koyon aikin jinya ita ce ta ɗaya a ajinsu. Allah ya yi wa hannunta albarka. Jijiyar da ta ɓuya wa kowa a hannun jariri, ita sau ɗaya take soka allura ta same ta. Ƙawarta da suke zama benci ɗaya kuwa da ƙyar da jiɓin goshi ta tsallake jarrabawar ƙarshe, shi ma don 'yar mai faci ta zaunar da ita wata uku cur tana yi mata bita. Da lasisi ya fito, sai 'yar mai faci ta shiga neman inda za ta yi horon nan na shekara guda da ake yi wa sababbin nas-nas kafin a damƙa musu ɗakin marasa lafiya. Asibiti bakwai ta kai takardunta. Wani wurin a ce ta dawo bayan Sallah, wani wurin a ce fayil ɗinta ya ɓata, wani wurin ma mai gadi bai bar ta ta wuce ƙofa ba. Sai a wata na tara wani babban asibiti ya aiko mata da takardar gayyata zuwa intabiyu: gurbi goma sha biyu, masu nema sun haura ɗari uku. Ran nan ubanta sau uku yana wanke hannu da kananzir da sabulu kafin ya yarda ya taɓa takardar, sannan ya bi direbobin tasha ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu.

Ranar intabiyu tun da hantsi take zaune a baranda cikin farar riga mai karin guga, tana maimaita karatu a zuci, ba a kira ta ba sai bayan la'asar. Ta shiga ta tarar da mutum biyar a bayan dogon tebur. Ɗaya yana latsa waya, ɗaya tana ɓare gyaɗa a cikin jaka. Suka tambaye ta abin da za ta fara yi in mai jego ta ɓalle da zubar jini, ta jero musu tiryan-tiryan. Suka tambaye ta alamomin da ke nuna ruwan jikin yaro ya ƙare, ta faɗa har da wanda ba su tambaya ba. Wani dattijon likita da ke ƙarshen tebur ya ajiye biro, ya daɗe yana dubanta, sannan ya ce, "Yarinya, wa ya turo ki?" Ta ce, "Babu kowa, ranka ya daɗe. Takarduna ne kawai." Sai ya sunkuyar da kai, ya ce Allah ya ba da sa'a. Ita ta ɗauka addu'a ce. Tana fitowa aka kira ƙawarta, wadda ba ta yi minti uku a ciki ba aka jiyo dariya, aka jiyo shugabar ma'aikatan jinya tana tambayarta ya jikin Hajiya. Ashe shugabar ƙanwar mahaifiyar ƙawar ce.

Bayan mako biyu aka liƙa sunaye a allon sanarwa. 'Yar mai faci ta bi su da yatsa daga sama har ƙasa, ta koma daga ƙasa har sama. Ƙawarta ce ta uku. Nata babu. Ta tsaya tana neman inda ta yi kuskure a amsoshinta, sai idonta ya faɗa kan kwanan watan da ke gindin takardar, kusa da sa hannu da hatimi. Kwana huɗu kafin ranar intabiyu aka buga ta. Wanda ya buga bai ma damu ya gyara ba. Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta dai ji bakinta ya yi ɗaci kamar ta tauna ganyen darbejiya, ta kuma gane abin da ya sa dattijon nan ya kasa haɗa ido da ita.

Yanzu tana wani ƙaramin kyamis a bayan kasuwa, tana miƙa wa mutane maganin ciwon kai da na mura, mai shagon yana yi mata tsawa in ta daɗe tana yi wa mai saye bayani. Wata ranar Talata da azahar wayarta ta yi ƙara. Ƙawar ce, daga ɗakin yara, tana magana ƙasa-ƙasa: an bar ta ita kaɗai da wani yaro ɗan wata takwas mai amai da gudawa, likita ya rubuta ƙarin ruwa, ita kuma ba ta san ɗigo nawa za ta saita a minti ɗaya ba.  Zuciyar 'yar mai faci ta ce mata kashe wayar, ƙawar ta je ta tambayi innarta. Amma yaron bai yi mata laifin komai ba. Ta tambayi nauyinsa, ta faɗa mata adadin, ta sa ta maimaita sau biyu. Yaron ya tashi, aka yabi sabuwar nas a gaban kowa. Ita kuwa ta ajiye waya ta juya ga wani mutum da ke buga teburin shagon yana neman maganin basir.

To ka ji, Malam. Ban ce 'yarka ta daina karatu ba, ban kuma ce ka daina addu'a ba. Amma in sunaye suka fito babu nata, kada ka tsare ta da tambayar me ta kasa amsawa. Hausawa sun riga mu gani, shi ya sa suka ce: mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya.