Agarar Sada

Duk wanda ya san karar shanu ta Daura a farkon shekarun Shari'a ya san Sada. Shi ne mai kama sa idan ya ƙi shiga mota. Dogo ne, ƙirji kamar ƙofar gari, kuma bai taɓa sakin igiya ba tun da ya fara sana'ar. Dillalai har daga Baure suke aiko masa, shi kuwa in yana tafiya sai ka ce ƙasar ma tasa ce.

Ciwon ya faro ne da sassafe. In ya sauko daga gado, sai bayan ƙafarsa ta dama ya riƙe, daidai agara, jijiyar nan mai kauri da ke saman dunduniya. In ya ɗan taka sai ta sake shi. Daga baya wurin ya kumbura, ya yi zafi.

Matarsa Lami ta gan shi yana ɗingishi zuwa alwala, ta ce, "Baban Mansur, ƙafar nan fa kullum ƙaruwa take. Ka je asibiti mana, ka huta ko na ɗan lokaci ne."

Ya yi dariya. "Ni da nake kayar da bajimi, jijiya ce za ta kwantar da ni? In aka gan ni a layin asibiti, gobe wa zai kira ni?"

Sai ya koma sayen ƙwayoyin kashe zafi wurin mai talla. In ya haɗiya, ya ɗaure wurin da tsumma, ya nufi kara.

Ana jajibirin Babbar Salla, kasuwa ta cika maƙil, wani jan bajimi ya tsinke ya yi cikin mutane. Aka watse ana salati. Sada ya zabura a guje. Yana tunkuɗa ƙafa ya ji "ɗas!" a bayan dunduniya, har ya waiga ya ga wanda ya doke shi da sanda. Babu kowa. Duk da haka ya faɗa kan igiyar, ya naɗe ta a hannu, bajimin ya ja shi a ƙasa bai saki ba, har aka taru aka danne bajimin.

Ranar an yi ta kiran sunansa. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ƙi yarda a tallafe shi, ko da yake ƙafar ta ƙi ɗaga dunduniya.

Mai ɗori ya latsa ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Sada ya karɓi maganar da hannu biyu, ya ci gaba da jan ƙafa. Damina ta shigo ta fita, ƙwabrin ya tsotse, sannan ya yarda Lami ta raka shi asibiti a Katsina.

Likita ya kwantar da shi rub da ciki, ya matsa naman ƙwabrin. Ƙafar ko motsi ba ta yi ba.

"Malam Sada, agararka ta tsinke tun tuni. Lokacin da take kumburi, hutu da magani sun isa. Da ka zo tana tsinkewa ma, da mun haɗa ta cikin sauƙi. Yanzu bakin ya ja baya. Za mu yi aiki, za ka yi tafiya, amma gudu da kokawa da sa sun wuce."

An yi aikin. Da ya warware, ya sa sabuwar riga ya je wurin Alhaji Lawal, babban dillalin da ya fi ba shi aiki. Alhaji ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa fura, sannan ya sunkuyar da kai.

"Sada, ba mu da kamarka, Allah ya sani. Amma shanu ba sa jira. Na ɗauki wani."

"Ba komai, Alhaji. Allah ya ba shi sa'a."

Alhaji ya ce a kai shi gida a babur, Sada ya ce a'a, ya gode. Ya miƙe, ya gyara hula, ya ratsa tsakiyar kara kansa a sama, ƙafar dama tana sharar ƙasa a bayansa. Sai da ya shiga zauren gidansa ya zauna ya rufe fuska.

Jama'a, ciwo ko kumburi a bayan dunduniya ba abin jarumtaka ba ne. A huta, a ga likita tun jijiyar tana nan. In kuwa aka ji ta tsinke, a tafi asibiti a ranar.