Madam Aradu

Aukje Veenstra na zaune a ƙofar ɗakin jarrabawa tana ƙwanƙwasa makullin kekenta a jikin benci. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Yarinyar da ke gefenta ta ɗago ta harare ta.

"Me kike kallo, 'yar tsana? Mayar da idonki kan littafi," in ji Aukje.

Aukje ta haura hamsin. Rabin rayuwarta a rumfar kifi ta yi shi, a bakin tashar jiragen ruwa ta Harlingen a ƙasar Holland, hannu cikin ƙanƙara, har yatsunta suka fara ƙin lanƙwasuwa. Likita ya ce ta zaɓa, ko kifi ko hannu. Sai ta bar wa ƙanenta rumfar, ta shiga kwalejin koyon sana'a a Leeuwarden don ta zama ma'aikaciyar kantin magani, ta zauna a tsakiyar yaran da ta haifi sa'anninsu.

Sunayen magunguna ba su wahalar da ita ba. Bakinta ne ya ƙi ɗaukar karatu. Jarrabawar ƙarshe kuwa ba ta rubutu ba ce. Bayan tebur ake tsayar da ɗalibi, a turo masa ɗan wasan kwaikwayo ya zo a matsayin mai karɓar magani, malamai na gefe suna kallo. A karon farko wani mai shegen tambaya aka turo mata, ta ce masa in ya fi ta sani ya zagayo ya tsaya a wurinta. Ta faɗi. Yau ne karo na biyu, kuma babu na uku. In ta sake faɗuwa, ƙanƙara na nan na jiran yatsunta.

Duk ajin mutum ɗaya suke tsoron a haɗa su da ita: Madam Aradu. Malamarsu Dijkema ce ta ƙirƙiro ta, wata masifaffiyar mai karɓar magani da 'yar wasa ke kwaikwayo, kuma shekara da shekaru da ita ake gwada haƙurin ɗalibai. An ce har ƙarti ta sa kuka. Ita kuwa Malama Dijkema siririya ce mai sanyin murya, wadda ta yi aikin kantin magani kafin ta koma koyarwa. Tun ranar da ta fara ganin Aukje a aji take yi mata wani murmushi da Aukje ta rasa gane kansa.

Aka kira sunanta. Ta jefa makulli a aljihu, ta tsaya bayan tebur.

Aka banko ƙofa. Wata mata ta faɗo cikin rigar ruwa, ba gaisuwa, ta wurgo takardar likita.

"Maganin hawan jinin uwata. Yanzu. Ni ba turke ba ce da za a dasa ni a nan."

Aradun ce. Aukje ta ɗauko kwalin ta miƙa.

"Mene ne wannan? Kore? Nata shuɗi ne! Ke 'yar tsana, makauniya ce ke ko kashe min uwa za ki yi?"

Ita da furfurarta ake kira 'yar tsana! Amsoshi suka yi layi a kan harshenta, kowace ta fi ta gabanta zafi. Ta san abin da aka koya musu: kamfanin inshora ne ya sauya mai kawo maganin, ƙwayar ɗaya ce, kwalin ne ya bambanta. Ta faɗa a hankali. Matar ta ƙara ɗaga murya, ta haɗa da inshorar, da gwamnati, da wanda ya ɗauki Aukje aiki.

Abin haushin, Aukje ta ji matar na da gaskiya. Ita ma ta yi jinyar uwa. Ta san wannan ihun, ta san abin da ke ƙarƙashinsa.

"Tsohuwar ba ta gani sosai, ko?" ta tambaya. "Da launin kwali take gane maganinta."

Matar ta gyaɗa kai.

Aukje ta ɗauko shuɗiyar takarda mai manne ta lulluɓe fuskar kwalin, ta rubuta lokacin sha, SAFE, da manyan baƙaƙe. "Ga shuɗinta. Ki zaunar da ita ki nuna mata sau ɗaya. Ke kuma ki samu ki yi barci, idanunki sun faɗa."

Madam Aradu ta karɓa ta fita, har da jawo ƙofa a hankali.

Bayan an tashi, Malama Dijkema ta same ta a benci ta miƙa mata hannu. "Kin ci, Aukje."

"Na ci wuya dai! Malama, don Allah a wane daji kika samo wannan mata? Na rantse da a rumfata ta yi min haka, da jelar kifi zan wanke mata fuska."

"A Harlingen. Ina sabuwar ma'aikaciya lokacin. Duk wata sai ta zo karɓar maganin uwarta, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa kallon fuskata ba."

"Mara tarbiyya," in ji Aukje, makulli na ta aiki a jikin benci.

Malama Dijkema ta ɗora hannu a kan nata ta tsayar da shi.

"Komai naki na ba 'yar wasan, Aukje, har 'yar tsanar da kike kirana. Makullin nan kaɗai na hana ta, don har yau in na ji ƙararsa sai gabana ya faɗi."